Littattafan Uwar Aji Masu Rubutu a Gefe

Jama'a, ku matso kusa, yau labarin mai daɗi ne.

Akwai wata tela mai 'ya'ya uku da ta koma makaranta tana da shekara talatin da takwas. Kwalejin koyon aikin jinya ta shiga. Da yake ta girmi kowa a ajin, sai ɗaliban suka sa mata suna Uwar Aji.

Karatun bai zo mata da sauƙi ba. Takan karanta shafi ɗaya sau huɗu kafin ta gane. Idan ta gane kuma, sai ta ɗauki jan biro ta rubuta bayanin da Hausa a gefen shafin, yadda ba zai sake kuɓuce mata ba.

A gefen hoton zuciya ta rubuta: "Gida ne mai ɗaki huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Ƙofofin ba sa buɗewa ta baya, wanda ya wuce ya wuce."

Haka ta cika manyan littattafai shida cikin shekara uku.

Da ta kammala, sai ya rage jarrabawar samun lasisin aiki, kuma sati biyu kacal aka bayar a biya kuɗin rajista. Mijinta bakanike ne. Ya kawo abin da yake da shi, bai kai ba.

"Baban yara, zan sayar da littattafaina," in ji ta.

Ya ɗaga ɗaya, ya jinjina nauyinsa, ya yi dariya. "In da kilo ake saye, ai yau mun yi arziki."

Washegari ta zuba su a jaka ta tafi shagon tsofaffin littattafai da ke bakin ƙofar kwalejin. Mai shagon mutum ne mai ji da kansa. Ya buɗe na farko da yatsu biyu, ya yamutsa fuska.

"Baiwar Allah, wannan littafi ne ko bangon da yara suka samu gawayi? Ga rubutu, ga shatin kofin shayi. Wannan kuma mene ne, kyanwa?"

"Autana ce ta zana," ta ce a hankali.

Ya nuna mata wasu a kan kantar shagon, fes kamar ba a taɓa buɗe su ba. "Irin waɗannan nake saye. Naki sai dai masu ƙunshe kaya."

Kuɗin da ya taya ko na motar komawa gida bai kai ba. Wasu samari da ke tsaye suka kwashe da dariya.

Abin ya sosa mata rai ƙwarai, amma ba ta mayar masa da magana ba. Ta ce, "Na gode, Allah ya ba da kasuwa," ta fara mayar da kayanta cikin jaka.

Ashe wata ɗaliba 'yar shekarar farko, mai tabarau, ta ɗauki ɗaya tana dubawa. Sai ta yi dariya ita kaɗai, sannan ta ci gaba da karantawa. Uwar Aji ta karɓi littafin ta fita, yarinyar ta biyo ta da gudu.

"Mama, don Allah tsaya! Ke kika rubuta wannan? Wallahi sati biyu malam yana bayanin zuciya ban gane komai ba. Yanzu a tsaye na gane. Nawa za ki sayar min?"

Suka zauna a kan wani benci. Uwar Aji ta ce, "'Yata, kafin mu yi ciniki bari in nuna miki aibinsa."

Ta nuna mata shafi biyu da suka yage ta liƙe da gam. Ta buɗe babi na tara ta ce, "Nan kuma na yi kuskure a bayanin farko. Na soke shi, gyaran yana ƙasa. Kada ki bi na saman."

Yarinyar ta tsaya tana kallonta. "Mama, tunda nake ban taɓa ganin mai sayar da kaya yana tona asirin kayansa ba."

"Marasa lafiya za ki riƙe da shi. Ba zan ɓoye miki ba."

Nan take yarinyar ta biya rabin kuɗin sabo, ta kuma karɓi kwatancen shagon ɗinkin Uwar Aji.

Bayan kwana biyu, Uwar Aji na kan keke tana ɗinka rigar makaranta, sai ga ɗalibai bakwai a ƙofa. Maƙwabciyarta mai kitso ta leƙo ta ce, "Yau kuma ɗinkin taro aka kawo miki?"

Ba ɗinki ya kawo su ba. Littafin ne ya zaga ɗakunan kwanan ɗalibai, kowa yana son ragowar biyar ɗin.

Nan fa shago ya kaure. Wannan ta ce ita ta fara shigowa, wancan ya ce zai ƙara a kan abin da aka taya. Wata har ta rungume littafin magunguna ta ce sai dai a ɗauke su tare.

Uwar Aji ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Ku dakata, 'ya'yana. Ba zan sa ku yi gasa da aljihun iyayenku ba. Yadda na sayar wa ta farko, haka zan sayar muku. Amma da sharaɗi: wanda ya saya zai riƙa ara wa wanda bai samu ba."

Suka amince. Abin da ta samu ya biya rajista, har ta sayi farin takalmin aiki.

Da yamma sai ga mai shagon littattafan da kansa, yana sunkuyar da kai. Ɗalibai sun dame shi da tambayar "masu jan biro".

"Hajiya, ko akwai saura? Zan saya da daraja."

"Sun ƙare, Malam. Amma zauna ka sha ruwa, ka sha rana."

Ya sha ruwan, ya ce, "Ki yafe min maganar rannan. Bango na duba, ban karanta ba."

Ta ce masa komai ya wuce.

Ta ci jarrabawarta. Ba a yi wata ɗaya ba, malamin da ke koyar da sassan jiki ya ga littafin a hannun mai tabarau. Ya karanta shafi uku a tsaye, ya tambayi wanda ya yi rubutun gefen. Ya aika aka kira Uwar Aji, ya roƙe ta ta riƙa zuwa duk Asabar tana yi wa sababbin ɗalibai bita, kwalejin za ta biya ta.

Ranar farko ta tsaya gaban aji. Ko baki ba ta buɗe ba sai ta ji tafi daga can baya. Mijinta ne, ya rufe gareji ya zo sanye da kayan aikinsa duk baƙin mai.

"Baban yara, ai ban fara ba!"

"Ni dai na riga na gane," in ji shi.

Ajin gaba ɗaya ya fashe da dariya, suka taya shi tafin.

Darasi: Idan wani ya raina abin da ka sha wahala a kansa, kada ka yi faɗa kuma kada ka karaya, bai san darajarsa ba ne, wanda ya sani yana nan tafe. In kuma za ka sayar da kaya, faɗi aibinsa da bakinka, gaskiya ba ta rage farashi. Ku tura wa ɗalibin da kuka sani, da duk wanda yake jin ya makara da komawa makaranta.