Manomin da Ya Kori Balbela

Akwai wani mutum mai gonar kabeji a fadama. Tsakanin gonakin garinsu da kogi akwai siririn kurmi, inda balbela ke sheƙa, kwaɗi kuma na ta waƙarsu.

Wata rana mai unguwa ya tara manoma da ma'aikatan kare daji, aka ƙulla yarjejeniya. Gona ta mai ita ce, ya noma, 'ya'yansa su gada, amma taku talatin daga bakin ruwa ba mai sarewa, ba mai ƙonewa. Kowa ya dangwala yatsa a takarda, ban da mutumin nan.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, in bar wa tsuntsu taku talatin? Ya taɓa riƙe mini fartanya?"

Ya sare nasa kurmin, ya ƙara shuka kabeji a wurin. Balbelar da ta zo wucewa ma sai ya bi ta da jifa. Tsuntsayen suka koma gonakin maƙwabta.

Da kabeji ya fara naɗewa, sai ga tsutsa. A gonakin maƙwabta balbela na ta tsince ta. Shi kuwa ya fesa magani sau biyu, tsutsa ta lafe cikin ganye, ta ƙara ƙiba. Dole ya sa tsohuwar farar rigarsa, ya ɗauki gwangwani, ya bi kabeji ɗaya-ɗaya yana miƙa wuya, yana ɗaga ƙafa cikin taɓo.

Matarsa ta kawo abincin rana, ta tsaya tana kallonsa. Ta ce, "Sannu da aiki, Baban Rifkatu. Saura ka tsaya da ƙafa ɗaya."

Ya ce, "Ajiye kwanon ki tafi."

Ta ce, "Na ajiye. Amma ita balbela ba a kai mata tuwo, abin da ta tsinta take ci."

Da ta juya, ya watsa tsutsa sama yana kiran tsuntsaye kamar mai kiran kaji. Ko ɗaya bai waiwayo ba. Rabin kabejin ya lalace.

Ya tafi wurin mai unguwa da babban yatsa a miƙe, ya ce, "Ina takardar nan?"

Mai unguwa ya ce, "Takarda na nan. Bishiya ce sai ka jira ta shekara biyar."

Maƙwabta suka taya shi dasa itatuwa, shi kuma ya ci gaba da riƙon gwangwani.

Ma'anar wannan misali ita ce, Allah bai ba mu ƙasa don mu noma ta kawai ba, har da mu tsare ta, kuma bai halicci kome a banza ba. Haka yake a ikkilisiya. Tsohuwar da ke mana addu'a a kujerar baya, da mai share ɗakin sujada kafin mu iso, ba ma ganin aikinsu sai ranar da babu su. Kada mu raina su. Sarewa aikin yini ɗaya ne, amma wanda ya kori balbela, shi zai yi aikin balbela har itacen ya girma.