Gajeren Ƙarfen Feda

Akwai wani mutum mai ɗaukar bidiyo a wajen biki, da ƙaninsa mai gyaran keke da ake kira Guguwa.

Guguwa ya ƙware wajen hawan keke mai taya ɗaya. Keken nan ba shi da kai, ba shi da birki, ƙafafun mahayi su ne birkinsa. Shi ya sa ba ya hawa sai da hular kwano, da safar hannu, da kariyar gwiwa.

Yayan ne ke ɗaukarsa a bidiyo yana ɗorawa a shafinsa na intanet. Sannu a hankali ya lura da abu ɗaya: duk ranar da Guguwa ya faɗi, mutane sun fi kallo.

Wata safiya ya shigo shagon ƙanin, ya ajiye wasu gajerun ƙarafa biyu a kan benci.

"Cire ƙarfen fedarka ka ɗaura waɗannan. An ce gajere ya fi gudu."

Guguwa ya jujjuya su a hannu. "Haka ne, Yaya, ya fi gudu. Amma idan taya ta ɗauki wuta, ƙafa ba ta da ƙarfin tsayar da ita. Ka bari in saba da su a fili tukuna."

"Kullum tukuna. Yau za mu ɗauka, a gangaren bayan kasuwa."

Guguwa ba ya musu da yayansa, domin tun rasuwar mahaifinsu shi ya riƙe shi. Ya ɗaura.

A saman gangaren jama'a suka taru. Guguwa ya ɗauko hularsa zai sa, sai yayan ya fizge.

"Yaƙi za ka tafi? Ku dube shi, gemu har ƙirji amma zuciyar kaza. Fuskarka ake son gani, ba kwano ba."

Ya wurga hular saman rufin wani shago. Mutane suka yi dariya. Guguwa ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya dubi yayansa, ya hau.

Yayan yana biye da shi a bayan wani mai babur, waya a hannu, yana ta cewa, "Ƙara. Ƙara mana, ko kaka ta fi ka sauri."

Keken ya ɗauki gudu har ƙafafun Guguwa suka kasa bin feda. Guguwa ya ce, "Yaya, ba ya tsayuwa." Yayan ya ce ya ci gaba. Taya ta faɗa wani rami, Guguwa ya tashi sama, ya sauko da kai a bakin kwata.

Mai babur ya yi tsalle zai ɗaga shi, yayan ya riƙe masa riga. "Matsa, kana tare mini hoto."

Kafin su isa asibiti ya riga ya ɗora bidiyon, da rubutu a ƙasa: "Guguwa ta zama iska." Ya ɗauka suma ce irin wadda ake yayyafa wa ruwa.

Guguwa ya daɗe bai farka ba. Bidiyon ya yaɗu yadda yayan yake so, amma da muryarsa a ciki. Kowa ya ji "ƙara", kowa ya ji "matsa". Aka daina kiransa biki. Idan ya zauna a majalisa, sai mutane su tashi ɗaya bayan ɗaya.

Mahaifiyarsu ta kalla a wayar maƙwabciya. Ba ta zagi yayan ba. Ta ce, "Na ji ya kira ka, na ji abin da ka amsa masa." Daga ranar ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba.

Da Guguwa ya farka, bai gane matarsa ba, bai gane mahaifiyarsa ba. Hannunsa na dama ya shanye, magana sai da ƙyar. Mutum ɗaya kawai ya gane: yayansa. Ba ya cin abinci sai daga hannunsa, ba ya yarda kowa ya yi masa wanka sai shi.

Yanzu kullum yayan ne ke durƙusawa a gaban katifa, da cokali a hannu. Guguwa ba ya tuna komai na ranar. Sai ya kama yatsun yayan da hannunsa mai lafiya, ya yi murmushi da karkataccen baki, ya ce:

"Yaya, da ba don kai ba, wa zai kula da ni?"

Sai yayan ya share masa yawu, ya ƙara cika cokalin.

Darasi: Wanda ya yarda da kai har ya kasa ce maka a'a, amana ce a hannunka, kada ka sayar da lafiyarsa don dariyar mutane. Kai kuma kada kunyar idon jama'a ta sa ka ajiye abin da ke kare kanka, domin masu tafi ba sa zuwa jinya. Ka tura wannan labari ga wanda ka san ana zuga shi.