Ranar da Ekran Ya Ƙi Harouna

Akwai wani saurayi a unguwar Maourey ta birnin Yamai, sunansa Harouna. Shekara biyar yana karatun injiniyan gine-gine a wata makaranta mai zaman kanta. Yana da ƙwaƙwalwa, wannan ba musu. Sai dai shi ma ya san da haka, kuma ba ya barin kowa ya manta.

Aikinsa na ƙarshe taswira ce mai motsi. Idan ya danna, sai ka ga kogin Isa yana cika a hankali, ruwa yana haurowa ta bakin unguwar Gaweye, layi bayan layi. Manhajar tana da nauyi, kuma a kwamfutarsa kaɗai take aiki.

An sa masa ranar sutenans, wato ranar da ɗalibi ke tsayawa gaban malamai ya kare aikinsa. Wani kamfanin gina hanyoyi ya riga ya yi masa alkawarin aiki, da sharaɗin ya kawo takardar kammalawa kafin ƙarshen wata. In ya rasa wannan zaman, sai na baɗi, aikin kuwa ba zai jira shi ba.

A makarantar akwai wata al'ada. Duk mai sutenans yakan kai kwamfutarsa wajen Tanti Kadi kwana biyu kafin ranar, a gwada ta da babban ekran, wato allon nuna hoto da ke jikin bangon zauren. Tanti Kadi sakatariya ce, ta haura hamsin, ita ke riƙe da makullin zauren. Tana da wani tsohon littafi mai koren bango, inda take rubuta kowace irin kwamfuta da abin da ya sa ta yi aiki da ekran ɗin.

Ranar Talata ta tare shi a bakin biro, wato ofishinta.

"Harouna, ba ka kawo ordinaterka mun gwada ba."

Ya yi dariya, har da gyara tabarau. "Haba Tanti, waya ce fa kawai za a soka. Ke ki ji da buga takardunki, wannan fannin namu ne."

Ɗalibai biyu da ke wajen suka sunkuyar da kai. Ita kuwa ta koma kujerarta.

Ranar Laraba da la'asar, gwaninmu ya ga kamar ruwan taswirarsa ba ya tafiya sumul yadda yake so. Ya shiga wani shafi da bai sani ba, ya sauko da sabon pilot, wato ƙaramar manhajar da ke koya wa kwamfuta yadda za ta fitar da hoto. Ya saka, ruwa ya yi kyau kamar ka sa hannu ka ɗiba. Ya rufe kwamfuta yana jin babu kamarsa.

Alhamis ƙarfe goma zaure ya cika. Mahaifinsa, Malam Yacouba, ya yini ranar Laraba a cikin mota daga Tahoua da ciwon gwiwarsa, ga shi a kujerar gaba cikin farar babbar riga. Ƙanwarsa Mariyam da 'yan gidansu sun jera kulolin shinkafa da lemo a bayan zaure, kamar yadda aka saba. Malamai uku suka shigo cikin rigunansu, kowa ya miƙe.

Shugaban malaman ya duba agogo, ya kira shi da Mushe, wato Malam a Faransanci. "Mushe Harouna, kana da minti ashirin. Bismillah."

Harouna ya soka waya. Babban ekran ya rubuta cewa babu abin da ke shigo masa. Kafin ya ɗago, ekran ɗin kwamfutarsa ma ya yi ƙifta biyu, ya yi baƙi ƙirin.

Ya zare wayar, ya hura bakinta, ya sake sokawa. Shiru. Wani abokinsa ya miƙo wata wayar, ita ma shiru. Ya kashe kwamfutar ya kunna. Tambarinta ya fito, sannan duhu, sai 'yar kibiyar nan kaɗai tana yawo a cikin baƙi.

Gumi ya fara ɗiga daga haɓarsa zuwa kan maɓallai. Wani daga baya ya ce a ɗauko wata kwamfutar. Harouna ya girgiza kai: "Ba za ta tashi a wata ba. Komai yana cikin wannan."

Ya danna duk abin da ya sani, ya danna wanda bai sani ba. Babu abin da ya canza. Ya tuna daren da ya kwashe yana auna bakin kogi, ya tuna wasiƙar kamfanin da ke cikin aljihunsa. Wallahi tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

"Minti bakwai sun tafi," in ji shugaban. "Akwai ɗalibai huɗu bayanka, kuma yau muke rufe zama. In babu abin nunawa, sai mu ɗage ka zuwa baɗi."

Malam Yacouba ya dafa sandarsa ya ɗan miƙe. "Mi ya hwaru, Harouna? Lahiya?"

Ya kasa kallon mahaifinsa. Ya waiga, sai ga Tanti Kadi tsaye a bakin ƙofa da makullai a hannu. Tun ɗazu tana nan. Ba ta shigo ba, don ba a kira ta ba.

Daga teburinsa zuwa ƙofar bai fi taku goma ba, amma sai da ya ji kamar an ɗaura masa dutse a ƙafa. A gaban malamai, a gaban mahaifinsa, a gaban ɗaliban nan biyu na ranar Talata, ya je ya durƙusa.

"Tanti, don Allah ki rufa min asiri. Na yi miki rashin kunya. Ki taimake ni."

"Tashi, riga za ka ɓata," ta ce. "Me ka canza a cikinta?"

"Pilot na hoto. Jiya."

"Ayyo. Kai ne na huɗu a bana."

Ta zauna, ta sa tabaranta, ta zare wayar gaba ɗaya. Ta danne maɓallin kunnawa har kwamfutar ta mutu, ta kunna, ta sake kashewa, har sau uku. Sai wani shuɗin shafi ya fito. Ta nan ta tashe ta a yanayin gyara, inda kwamfuta ke aiki da ɗan abin da ya zama dole kawai. Rubutu ya fito manya-manya, mummuna, amma ya fito. Ta shiga jerin kayan da ke cikin na'urar, ta nemo na hoto, ta mayar da tsohon pilot ɗin da Harouna ya raina.

"Minti goma sha ɗaya," in ji shugaban.

Kwamfuta ta tashi lafiya. Harouna ya yi wuf zai soka waya a ƙofar farko ta jikin babban ekran, ta buge hannunsa.

"Ba wannan ƙofar ba. Ta farko ta ƙone tun ranar da kuran, wutar lantarki, ya dawo da ƙarfi. Ta biyu za ka sa."

Ya sa a ta biyu. Ta danna maɓallin da ke da hoton taga tare da harafin P, ta zaɓi a nuna hoto ɗaya a wuri biyu. Babban ekran ya haska, amma rabin taswirar ya yanke. Ta buɗe koren littafinta, ta bi da yatsa, ta rage girman hoton zuwa abin da tsohon ekran ɗin ke iya ɗauka.

Kogin Isa ya cika bango. Mariyam ta rangaɗa guɗa kafin ta tuna inda take.

Minti bakwai suka rage masa. Ya yi bayani da sauri, ya tsallake rabin abin da ya haddace. Malamai suka yi masa tambayoyi, suka fita, suka dawo. Ya ci, amma ba da babban yabon da ya daɗe yana yi wa abokansa alkawari ba. Takardar dai ta samu, aikin ma bai kuɓuce ba.

Ana ta hotuna da raba abinci, Malam Yacouba ya jawo hannun ɗansa, ya nuna Tanti Kadi da ke can tana naɗe waya ita kaɗai.

"Wagga baiwar Allah, malamarka ce? Mi ya sa ba a ba ta riga irin ta sauran ba?"

Harouna ya dubi Tanti Kadi. Idonsa ya cika.

"Malamata ce, Baba."

Ya ɗauki farantin farko da hannunsa, wanda aka zuba don shugaban malamai, ya kai mata. Ta karɓa, ta miƙa masa koren littafin da biro.

"Rubuta sunan ordinaterka da abin da muka yi. Wani na zuwa bayanka."

Ya rubuta a tsaye, da rigar sutenans a jikinsa.

Darasi: Kada ka auna sanin mutum da kujerar da yake zaune a kai. Wanda ka raina yau yana iya zama shi kaɗai ya san ƙofar da ke aiki. In an ce ka zo a gwada, je a gwada, kuma kada ka taɓa pilot ɗin kwamfutarka ana gobe babban aiki. Ku tura wa duk ɗalibin da ke shirin sutenans, da duk mai ganin ya wuce a gaya masa.