Gunya da Garin Ƙyalƙyalin Dila

"Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Gwaggo!"

"Za ta zo, amma ba a banza ba. Ga kwandon gyaɗa nan. Kunne ya saurare ni, hannu ya yi aiki. Ke Lantana, ɓarewa na ce, ba taunawa ba. To, na sake. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta!"

Wani gari ne, ana ce masa Tafkin Gawo. A wancan zamanin dabba da mutum magana ɗaya suke yi, kasuwa ɗaya suke ci. Garin yana da al'ada. Kowace shekara, in an gama kaka, sai a yi sukuwa. Dawaki ke tserensu su kaɗai, ba mahayi, ba linzami. Duk dokin da ke shan ruwan tafkin garin, dole ya shiga. A tashi daga bakin kasuwa, a ƙetare rafi, a je wata tsamiya can nesa, kowane doki ya tsinko ganyenta a baki, a dawo. Wanda dokinsa ya riga isowa, sai ya zaɓi ɗaya cikin dawakin da suka yi tseren, ya ja shi gida, ya zama nasa. Raƙumi ne alƙali, don shi ke hango nesa.

A garin akwai wata mata, Tasalla mai kanwa. Mijinta ya rasu. Bai bar mata gona ba, bai bar mata rumbu ba, sai goɗiya guda ɗaya, ana ce mata Gunya. Ita ke ɗauko kanwa, ita ke kai ta kasuwa. In ba Gunya, ba tuwo a gidan. Kuma shekara uku a jere Gunya ke cin sukuwa. Tasalla ba ta jan dokin kowa. Sai ta ce mai shi ya fanshi abinsa da harawa, ta tsaya a kan dami ashirin, ko ka yi kuka ba ragi. Mace ke nan.

Akwai kuma Dila. Yana da doki baƙi wuluk, sunansa Akawal. Ga girma, ga ci, gudu kuwa sai haƙuri. Dila kullum idonsa na kan Gunya.

Da kaka ta matso, Dila ya yi tafiya kwana bakwai. Ya dawo da buhu a ka. Washegari ya zo rumfar Tasalla sayen kanwar doki. Da can dunƙule ɗaya yake saye. Ran nan ya ce biyu.

Tasalla ta ce, "Malam Dila, doki ɗaya, kanwar doki biyu?"

Ya ce, "Akawal ne cinsa ya ƙaru."

Ta ce, "Allah ya ƙara lafiya." Ta ba shi. Amma ta ajiye maganar a gefen zane.

Sai Dila ya fara zaga gari da buhunsa, yana waƙa. Ku amsa mini.

"Ƙyalƙyali, garin tauraro!"

"A shafa, a shafa!"

"Dokin da ya sha shi, rana na jin kunyarsa!"

"A shafa, a shafa!"

Ya yi sallama ƙofar Tasalla. Ya buɗe buhu. Wani gari ne a ciki, sai walƙiya yake, wal, wal.

Ta ce, "Mene ne wannan?"

Ya ce, "Tauraro ne ya faɗo a daji, na tsinta, na daka. A kwaɓa da ƙaro, a shafe doki ranar sukuwa. Zakara ɗaya kawai, uwar gida."

Ta ɗiba, ta murza a yatsa. Ta ce, "Tauraron nan naka ya yi kama da fasasshen madubi. Yana ƙara gudu?"

Ya ce, "Yana ƙara kwarjini."

Ta ce, "Kwarjini ba ya ƙetare rafi. Zakarana na nan a akurkinsa. Sauka lafiya."

Bayan kwana biyu ya dawo.

"Ƙyalƙyali, garin tauraro!"

"A shafa, a shafa!"

Ya ce, "Uwar gida, rabin gari sun saya. Ke kam don marigayi, bar zakaran. Mudun gero ya isa."

Ta ce, "Shekaranjiya zakara, yau mudu? Tauraron ne ya ruɓe?"

Ya ce, "Mutunci ne."

Ta ce, "Mutuncinka ya yi araha da wuri. Sauka lafiya."

Ana gobe sukuwa, da hantsi, ya sake dawowa.

"Ƙyalƙyali, garin tauraro!"

"A shafa, a shafa!"

Ya ce, "Uwar gida, kowa ya shafa, saura ke. Karɓi kyauta. Ni zan kwaɓa, ni zan shafa da hannuna. Ga goro ma na ɗora miki."

Tasalla ta aje muciya. Ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, "Dila, shekarata talatin a kasuwa. Na ga mai saye na roƙo. Na ga mai sayarwa na rantsuwa. Ban taɓa ganin mai kaya ya ba da kayansa, ya bi da goro ba. In ba kayan ake sayarwa ba, to ni ake son saye. Ɗauki buhunka."

Dila ya tafi yana murmushi. Murmushin nan bai yi mata ba.

Yana fita, Gunya ta leƙo daga turke. Ta ce, "Uwar ɗakina, ko a goshi kaɗai. Na je tafki, duk dawaki sun gwada nasu, suna ta yanga. Suna kirana jakar kanwa."

Tasalla ta ce, "Da fata ake tsere ko da ƙafa?"

Gunya ta ce, "Da ƙafa. Amma ido ma yana da haƙƙi. Ana cewa rowa ce ta hana ki."

Ta ce, "Su ce. Rowata ce ta ciyar da ke shekara uku. Da fatar da Allah ya ba ki za ki fita."

Gunya ta juya mata baya, ta ƙi cin dusa.

Tasalla ta yafa gyale, ta tafi wurin Raƙumi alƙali. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a hana shafa abin nan. In duk dawaki sun zama launi ɗaya, ta yaya za ka san na wane da na wane?"

Raƙumi ya ce, "Al'ada ba ta hana kwalliya ba. Ni kuwa daga nan ina hango ƙuda a kan tsamiya." Yana juyawa, sai ta ga tozonsa na walƙiya. Ashe shi ma an shafa masa kyauta.

Ta ce, "To, Allah ya kai mu."

Gari ya waye. Rana ta take. Aka jera dawaki a bakin kasuwa, kowanne an lafta masa daga kunne har kofato. Ba ka sanin baƙi, ba ka sanin fari. Sai Gunya ita kaɗai a tsakiya, da launinta na madara. Mata suna guɗa, ana yi wa Tasalla dariya. Rana ta bugi dawakin nan, hasken ya bugi idon Raƙumi. Hawaye shar. Ya runtse, ya buɗe, ya sake runtsewa. Kunya ta hana shi cewa ba ya gani.

Aka buga ganga. Dawaki suka zabura.

Ba a kai rafi ba gumi ya keto. Ƙaro ya narke, garin ya gangaro musu cikin ido. Wannan ya bangaji wancan, wancan ya faɗa ƙaya. Gunya kuwa idonta tar. Ta ƙetare rafi, ta tsinko ganye, ta juyo, ba kowa gabanta. Ta tuna da maganar uwar ɗakinta, ta ji kunya, ta ƙara wuta.

Dab da gari akwai wani kwazazzabo a gefen hanya. Tana isowa, sai ga doki ya ɓullo daga ciki, yana walƙiya, da ganye a bakinsa. Fyuu! Ya riga ta shiga kasuwa da tsawon wuya.

Dila ya daka tsalle. "Akawal! Akawal ya ci!"

Gunya tana haki ta ce, "Ƙarya ne! Ba wanda ya wuce ni. Daga kwazazzabo ya fito!"

Dila ya ce, "Wanda aka kayar ba ya rasa zance. Alƙali, me ka gani?"

Raƙumi ya goge hawaye. Ya ce, "Na ga haske ya tafi, na ga haske ya dawo."

Dila ya zaro igiya, ya zarga a wuyan Gunya. Ya ce, "Wannan na zaɓa."

Ke Lantana, rufe baki, ƙuda zai shiga.

Tasalla ta riƙe ɗaya bakin igiyar. Ta ce, "Dakata. Ni ko tulu zan saya, sai na ƙwanƙwasa shi. Balle a raba ni da abin da mijina ya bari. Dila, dawakinka nawa?"

Ya ce, "Ɗaya tak, kowa ya sani."

"Wannan ne?"

"Shi ne, na rantse."

Ta ce, "Jama'a kun ji." Ta sunkuya ta ɗaga kofaton dokin. Ta ce, "Gunya ta dawo da laka har gwiwa. Ina lakar wannan?"

Dila ya ce, "Da tsalle ɗaya ya ƙetare rafin."

Mutane suka ce, "Kai, doki!"

Ta zare ganyen daga bakinsa. Ta ce, "Na Gunya ɗanye shar. Wannan ya yi yaushi kamar na jiya."

Dila ya ce, "Zafin gudu ne ya gasa shi."

Mutane suka ce, "Kai, gudu!"

A lokacin sauran dawaki suka fara isowa, suna ɗingishi, suna hawaye. Gumi ya wanke musu ƙyalƙyalin, ya yi zane-zane, launin kowa ya leƙo. Tasalla ta nuna su. Ta ce, "Ku dubi waɗannan. Ku dubi wannan." Ta shafa wuyan dokin Dila, ta ɗaga tafinta sama. Busasshe ƙayau. Ta ce, "Dokin da ya tsallake rafi, ya gasa ganye da gudu, shi ne ko ɗigon gumi babu? Kwalliyarsa na nan kamar amarya ba ta fita ɗaki ba?"

Mutane suka juyo kan Dila.

Dila ya ce, "Ɗan asali ne, ba ya gumi."

Ta ce, "To bari mu yi masa." Ta fizgi tulu daga kan wata mai ruwa, ta sheƙa masa, ta dirje da gefen gyalenta. Ƙyalƙyali ya zube. Sai ga doki fari fat.

Raƙumi ya sunkuyo da dogon wuyansa. Ya ce, "Kai, wane ne kai?"

Farin doki ya ce, "Ni baƙo ne, ranka ya daɗe. Kwanana bakwai a ɓoye bayan gari. An ce in tsaya a kwazazzabo da ganyen nan, in na ji kofato in fito."

Tasalla ta ce, "Ga mai cin dunƙule na biyu. Gunya, je ki duba mana ramin."

Gunya ta je, ta taso ƙeyar Akawal. Tun tashin farko ya faɗa ciki, ya kwanta yana kiwo abinsa.

Raƙumi ya ce, "Gunya ta ci. Tasalla, zaɓi naki. Ko harawar ce kamar kullum?"

Ta ce, "Yau ba harawa. Dila ya rantse farin nan ne dokinsa, kuma ya yi tsere, ko da taku goma ne. Shi na zaɓa."

Dila ya ce, "To, a ba ni Akawal in tafi."

Ta ce, "Wane Akawal? Gaban jama'a ka ce dokinka ɗaya tak. Baƙin nan ba shi da mai shi. Tsintuwa ce, goɗiyata ta tsinto. Gobe shi zai ɗauki kanwa, Gunya ta huta."

Dila ya buɗe baki, ya ga masu dawaki sun fara tsintar sanduna. Ya rufe. Ya bar buhu, ya bar igiya, ya yanki daji. Har yau bai sake cin kasuwa da mutane ba.

Su kuwa dawaki, garin madubin nan ya shiga musu gashi, ƙaiƙayi ya hana su sakat. Suka kwanta cikin rairayi suna ta juyi. Shi ya sa har gobe, in doki ya yi gudu aka sauke masa sirdi, sai ya yi birgima. Yana jin kamar da saura. Raƙumi kuma tun ran nan idonsa a lumshe yake, hancinsa a sama, wai kar a tuna masa.

"Gwaggo, to a shafa wa doki ko kar a shafa?"

In an gama tsere, Lantana, ki shafa masa har lalle in kina so. Amma ranar sukuwa a bar kowa da fatarsa, don a san wanda ya tafi shi ne ya dawo. Kuma duk wanda ya biyo ki da kyauta har sau uku, ki duba turkenki, akwai abin da ya gani.

Ƙurunƙus kan Dila, ya tafi ba doki ba buhu. Ku miƙo kwandon nan in gani. Wa ya ci mini rabin gyaɗa?