Iyakar da Ilarie Ya Karkatar

Ilarie Dragan shi ne mai injin niƙa na garinmu, kuma tun kafin babban yaƙi an san shi da haɗama da ƙarya. Ko gaisuwa ya yi maka, sai ka tsaya ka yi tunanin abin da yake nema.

Garinmu unguwa biyu ne. Mu Romaniyawa muna gangare, Hungariyawa suna kan tudu. Rafi ɗaya muke sha, maƙabartarmu ma ɗaya ce a bayan injin. Da yaƙi ya ƙare, manyan ƙasashe suka zauna can nesa suka raba ƙasa, sannan suka turo hafsoshi baƙi su shata iyaka. Babu mai jin yarensu sai Ilarie, wanda ya tsinci Faransanci lokacin da yake fursunan yaƙi. Shi aka sa tafinta.

Hafsoshin suka tambayi Bertalan, dattijon unguwar tudu, ko mutanensa suna amfani da rafin.

"Gaya musu nan muke sha, nan shanunmu ke sha," in ji Bertalan. "Iyayenmu kuma ga su can kwance."

Ilarie ya juya ya shaida wa baƙin cewa tsohon ya ce suna da rijiyoyinsu, ba su da buƙata. Makiyayar bakin rafin yake kwaɗayi. Aka kafa duwatsun iyaka a gindin tudu, rafi da maƙabarta suka faɗo ɓangarenmu. Da bakinsa ya tona asirin kansa a mashaya, yana dariya, har maganar ta hau tudu.

Matarsa Saveta ta ce, "Maigida, ka raba mutane da ruwa da kaburburan iyayensu, kana tsammanin za su ƙyale?"

"Ke dai ji da tukunyarki," ya ce. "Manyan duniya ne suka sa hannu. Wanda ya taɓa dutsen nan, su ya taɓa."

Da sanyi ya shigo, matar Bertalan ta rasu. Suka ɗauko akwatin gawar har bakin iyaka, masu gadi suka tare su. Ilarie na tsaye a ƙofar injinsa.

"Ilarie, tare muka yi kiwo muna yara," in ji tsohon. "Sa baki a bar ta ta kwanta kusa da ɗanta."

"Kai ƙara wurin manya, maƙwabci. Ni mai niƙa ne kawai."

Suka juya da gawar. Ban manta yadda samarin da ke ɗauke da ita suka dube mu ba.

Daga nan tsoro ya zauna a garin. Yau a tsinci karnuka a mace, gobe tarin ciyawar wani ya kama da wuta. Aka harbi wani makiyayi a cinya. Muka daina zuwa gona ɗai-ɗai, mata suka hana yara zuwa rafi. Muka kai kuka, aka turo masu sa ido biyu a mota mai farar tuta. Suka zagaya, suka ci tuwon masara da cuku a gidan Ilarie.

"Ranka ya daɗe, sojojinku yaushe za su iso?" Ilarie ya tambayi babbansu.

"Ba mu da sojoji. Za mu kai rahoto, za a zauna a tattauna."

"In mutanen tudu suka afko mana kafin a zauna fa?"

Mutumin ya gode wa Saveta, ya shiga mota.

Lokacin girbi mutanen tudu suka zo, da rana tsaka, fuskoki a rufe, bindigogin da suka dawo da su daga yaƙi a hannu. Muka watse cikin masara muka kwanta, uwaye na toshe bakin jarirai. Ba su tsaya tambayar wa ya yi ƙarya, wa bai yi ba. Suka cinna wa injin wuta, da gidajen da ke jere da shi. Nicodim, ɗan Ilarie tilo, ya ruga ya kwance dawakai, aka harbe shi a ƙofar barga.

Washegari samarinmu suka hau tudu ramuwa. Cikin waɗanda suka mutu har da Bertalan, wanda aka ce tun farko ya durƙusa yana roƙon nasu kada su sauko.

Ilarie ya rayu, amma Saveta ta koma gidan 'yan'uwanta, babu kuma wanda ya sake gaishe shi. Amsar manyan ta iso bayan ƙanƙara ta narke. Sun yi kira ga ɓangarorin biyu da su kai zuciya nesa.

Darasin shi ne, sulhun da aka gina a kan ƙarya da wulaƙanta maƙwabci ba ya ɗorewa, ko da duk manyan duniya ne suka sa masa hannu. Kada ka cuci na kusa da kai don kana taƙama da na nesa. Ranar da masifa ta zo, na nesa zama zai kira, kai da iyalinka da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba ne za ku ɗanɗana.