Kwanuka Uku da Miyar Tabawa

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta. To, ga ta ta zo, sai dai ba da dariya ta zo ba.

Wata mata ce a wani gari, sunanta Tabawa. Mijinta Malam Dogara masaƙi ne, ya manyanta. Ɗansu ɗaya tal, Ilu, saurayi manomi. Shi ne na fari, ba a sake samun wani bayansa ba.

Tabawa ba ta taɓa kiran sunan Ilu ba, saboda kunyar ɗan fari. In yana kusa sai ta ce "kai". In yana nesa sai ta ce "wancan". Ba ta zama hira da shi, ba ta kallonsa ido cikin ido. In ya leƙa madafa sai ta ce, "Kai, matsa, ka tare mini haske." Sai ya matsa. A ransa yana cewa Inna ba ta damu da shi ba.

Amma miyar kukar Tabawa, duk garin babu irinta. In ta sa maburgi a tukunya, mai wucewa ta bayan katanga sai ya rage sauri. Shekara talatin Malam Dogara bai ci tuwo da miyar wata ba. Shi ma Ilu ba ya iya cin abincin waje, da ya kai loma sai yaji ya shaƙe shi, ya yi ta tari. A gida kuwa lafiya lau yake ci. Bai taɓa tambayar dalili ba.

Rannan da hantsi Tabawa ta hura wuta, sai ta ce kanta na sara. Sai ta shiga ɗaki ta kwanta. Kafin la'asar an kai ta makwancinta. Aka dawo aka tarar da muciya jingine inda ta bar ta.

Maƙwabta suka yi ta aiko da abinci. Malam Dogara sai ya buɗe kwano, ya duba, ya rufe. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, bai ci ba, sai kurɓin kunu. Wuyansa ya rame, zoben hannunsa ya fara faɗuwa da kansa.

Ilu ya durƙusa ya ce, "Baba, ko loma ɗaya."

Ya ce, "Maƙogwarona ya rufe. Ba abin da zai buɗe shi sai miyar gidan nan."

Ilu ya ga in ba a yi miyar nan ba, zai sake ɗaukar makara kafin arba'in. Sai ya shiga madafa ya tsaya. Murhu ya yi sanyi. A lungu ga kwanukan maƙwabta uku a kife. A garin ba a mayar da kwano wayam, shi kuwa ba shi da abin da zai zuba, sai ya bar su nan.

Sai kaza ta shigo ta ce, "Ɗan gida, yau kai ne a nan?"

Ya ce, "Kaza, kin daɗe a gindin murhun nan. Yaya Inna ke yin miyarta?"

Kaza ta ce, "Ni abin da ya faɗo ƙasa na sani. Na tsattsagi ɓawon albasa, na tsattsagi ƙayar busasshen kifi da ɓarɓashin daddawa. Na kuma sha ganin tarugu ja a hannunta."

Sai Ilu ya tafi kasuwa ya haɗo su duka. Ya zuba a turmi ya dake, har da tarugun. Ya dafa, ya tuƙa tuwon dawa mai gudaji, ya kai. Malam Dogara ya taɓa miyar da yatsa ya kai baki. Ya ce, "Ba ita ba ce." Ilu ya ɗanɗana, sai tari ya sarƙe shi har da hawaye.

Kashegari sai kyanwa ta miƙe daga kan buhu ta ce, "Wa ya ce ka tambayi kaza? Mai kai a ƙasa me ta sani? Ni ce aminiyar marigayiya."

Ya ce, "To faɗa mini."

Ta ce, "Asirin a kifi yake. Ka gyara shi tsaf, ka ɗora a kan faifai ya sha iska. Sai ka juya baya ka yi wa mamaciya addu'a, kada ka waiwaya sai ka shafa."

Ilu ya juya baya ya yi addu'a mai tsawo. Da ya shafa ya waiwaya, ba kifi, ba kyanwa. Sai ya yi miyar haka nan, ya antaya kuka gaba ɗaya, ta dunƙule. Ya kai. Malam Dogara ko taɓawa bai yi ba. Ya ce, "Ba ita ba ce," ya juya fuskarsa bango.

Rana ta uku Ilu ya sake yin miya, ta sake lalacewa. Sai ya zauna a kan turmi ya dafe kai. Ƙadangare yana bisa katanga yana gyaɗa kai.

Ilu ya ce, "Kai ma ƙarya za ka yi mini?"

Ƙadangare ya ce, "Ni ban taɓa leƙa tukunya ba. Amma daga nan ina ganin ƙofa. Shekara da shekaru ban ga uwarka ta sayo kayan miya a kasuwa ba. Kwano ke fita da miya, kwano ke dawowa da wani abu a ciki. Ga kwanuka can ka kife, ta ina miya za ta shigo?"

Ilu ya ce, "Me zan zuba musu? Wannan abin kunyar?"

Ya ce, "Shi kake da shi."

Sai Ilu ya wanke kwanukan, ya zuba miyarsa, ya rufe da faifai, ya fita.

Ya yi sallama gidan Gwaggo Delu mai daddawa. Ta buɗe kwano ta sansana, ta ce, "La'ilaha! Ɗan nan, miya ce ko kwaɓin gini? Daddawar wa ka sa?"

Ya ce, "Ta kasuwa."

Ta ce, "Shi ya sa. Uwarka tawa take sawa, wadda ta kwana uku a rufe. Ka fara jefa ta a ruwa ita da albasa, ka bar ta ta dahu har warinta ya koma ƙamshi. Tabawa ba ta gaggawa." Sai ta juye miyar, ta sa masa curi biyu a kwanon, ta goge ido da gefen zane.

Ya yi sallama gidan Inna Azumi. Ta ɗaga miyar da ludayi, ta faɗo tim. Ta ce, "Wannan in ka jefi kare da ita sai ya yi ƙara." Ta yi dariya, sannan ta ɗauko garin kuka ta zuba masa a kwanon. Ta ce, "Ni da uwarka tare muke tsinko kukarmu, sabon toho, mu shanya a inuwa. Ga rabonta na bana, ban san wanda zan ba ba. Ka janye itace tukuna. Hagu na barbaɗawa kaɗan-kaɗan, dama na burgawa. Kada ka rufe tukunya bayan kuka ta shiga."

Ya yi sallama gidan Iya Gambo, tsohuwar ungozomar da ta yanke masa cibiya. Ta lasa. Ta ce, "Angona, ka daka tarugu."

Ya ce, "Na daka, Iya."

Ta ce, "Zauna." Ya zauna. Ta ce, "Kana shekara biyu aka ba ka tuwo, yaji ya shaƙe ka, ka yi tari har ka shiɗe. Mutane suka taru. Uwarka ta tsaya nesa kamar ba nata ba, ka san kunya. Da ka farfaɗo sai ta shigo nan, ta zaga bayan rumbun can, ta yi kukan da ban taɓa jin irinsa ba. Daga ranar ba ta sake daka tarugu ba. Guda take jefawa, ya ba da ƙamshinsa, ta tsame shi kafin ya fashe. Ita kuwa tun tana yarinya yaji take ci kamar gyaɗa."



Iya Gambo ta ce, "Na taɓa tsokanarta, na ce Tabawa, miyarki ba ta cizo. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, Iya, akwai mai tari a gidan."

Sai tsohuwar ta tsinko tarugu guda ɗaya daga shukarta ta sa masa a kwano, ta ɗora ɗan man shanu a gefe.

Ilu ya koma gida. Ya hura wuta. Ya jefa daddawa da albasa, ya jira. Ya sa kifi, kyanwa na kallo daga nesa. Ya jefa tarugu guda, ya tsaya a kansa, yana ganin ya yi laushi ya tsame. Ya janye itace. Hagu ta barbaɗa, dama ta burga. Ƙamshi ya tashi ya bi tsakar gida, ya shiga ɗaki.

Sai ya ji muryar tsohon daga ciki, a hankali: "Tabawa?"

Ilu ya ce, "Ni ne, Baba."

Ya kai masa. Malam Dogara ya tashi zaune da ƙyar. Ya yi loma ɗaya. Ya yi ta biyu. Ya yi ta uku, hawaye na bin gemunsa.

Ilu ya ce, "Ita ce?"

Ya ce, "Saura kaɗan. Hannunta ne babu, shi kuwa ba a samunsa a gidan kowa." Sai ya miƙo akushin ya ce, "Ƙaro."

Ilu ya koma madafa don ya ƙaro. Sai ya ga tarugun nan a kan murfi, ja, bai fashe ba. Tun ranar rasuwar bai yi kuka ba. Nan ya durƙusa gaban murhu, inda ake ce masa ya matsa, ya yi ta yi, babu mai ce masa ya tare haske.

Da ya share fuska, sai ya kai wa tsohon ƙari. Ya cika kwanuka uku, ya rufe da faifai, ya fita.

Ku da masu dafa muku ke raye, ku shiga madafar nan ko an kore ku. Ku tambayi me ake sawa, ku tambayi me ake cirewa, da kuma saboda wa. Kada ku bari sai murhu ya yi sanyi.

Kurunkus. Ta ƙare, wuta ta mutu, toka ce ta rage da ɗumi.