Kiggundu Ya Share Lambun Mahaifinsa

A wani ƙauye kusa da Masaka akwai wani saurayi mai suna Twaha Kiggundu. Ba malalaci ba ne, ba ya ƙarya, amma Allah ya yi shi da gaggawa. Ko shayi ba ya bari ya huce. Ya yi shekaru a Juba yana tuƙa motar kaya, sai rasuwar mahaifinsa ta dawo da shi gida, ya tarar har an yi jana'iza. Abin da ya rage shi ne taron dangi, inda ake yafa wa magaji mayafin ɓawon itace, a damƙa masa gida da lambu. Shi ne babban ɗa, kowa ya ɗauka shi za a yafa wa. Aka sa rana nan da 'yan watanni, kuma kamar yadda aka saba, matoken da baƙi za su ci, wato dafaffiyar ɗanyar ayaba, daga lambun mamacin zai fito.

Lambun nan shi ya hana Kiggundu sakat. Busassun ganyen ayaba jibge a ƙasa har idon sawu, ga ƙananan ayaba sun kewaye kowace babba kamar 'ya'yan kaza. Kullum da safe mahaifiyarsa Nalweyiso takan shiga, ta tsaya gaban gindi ɗaya tana kallo, ta taɓa ganye, ta tura hannu cikin ƙasa, sannan ta yanke abu ɗaya tak ta wuce. Shi kuwa yana baya yana cizon leɓe.

Ya ce mata a gonakin da ya gani a hanya komai a jere yake, ƙasa fes. Ta ce idan zai zauna ya kalla, za ta nuna masa uwa da 'ya da jika a kowane gindi. Ya ce shi bai dawo gida don ya zauna yana kallon ganye ba.

Ana haka sai ƙanwarsa ta haihu a Mbarara, Nalweyiso ta tafi taya ta jego. Da za ta hau mota ta ce masa, "Twaha, kada ka taɓa komai. Ka dai riƙa zagayawa."

Motar ba ta gama shan kwana ba ya ɗauko fartanya. Ya tattara busassun ganyen nan ya cinna musu wuta. Ya bi ƙananan ayabar ya tone su ɗaya bayan ɗaya har saiwa, wai suna cinye abincin manyan. Ya bar manyan kaɗai, masu ɗauke da nonon ayaba, tsaye a fili kamar sojoji. Ƙanensa Badru, wanda bai taɓa barin ƙauye ba, ya yi masa magana. Kiggundu ya ce wanda bai taɓa ƙetare kogi ba, me ya sani?

Gwaggonsu Nabbosa ta zo wucewa, ta leƙa ta saman shinge, ta riƙe haɓa.

"Ɗan Juba, masallaci za ka gina a nan ne ka share haka?"

"Gwaggo, gyara ne."

"Gyara. To, ka tuɓe wa tsohuwa zane, ka kore mata 'ya'ya. Mu ga wa zai riƙe ta."

Ya yi dariya, ya ce tsofaffi ba sa son sabon abu.

Rana ta buɗe. Ƙasar da ba ta taɓa ganin rana ido da ido ba ta bushe ta tsattsage. Kiggundu ya yi ta jidar ruwa daga rijiya har kafaɗunsa suka saluɓe, ƙasa na shanyewa kamar bai zuba ba. Ya zagi rana, ya zagi rijiya, ya harbi jarka da ƙafa. Sannan hadarin farko ya taso da iska. Ayabar da aka tone mata gindi, ba 'ya ba jika da za su dafa mata, ga nauyin nono a wuya, ta dinga faɗuwa yana tsaye yana kallo. Ya ruga ya rungumi ɗaya, ta tafi da shi ƙasa.

Da Nalweyiso ta dawo ba ta yi faɗa ba, shi ya fi ci masa rai. Ta ɗauki ɗanyen nono guda na ayabar da ta faɗi, ta latsa da yatsa, ta ajiye. Ta ce ayaba sau ɗaya take haihuwa, shi ya sa ake bar mata 'ya ta gaje ta, da jika a bayan 'yar.

Ranar taro da ayabar maƙwabta aka dafa matoke. An naɗe shi da ganye, an kawo da miyar gyaɗa, baƙi na ci idonsu na kan filin da ke bayan gida. Gwaggo Nabbosa ta kai loma ɗaya, ta ce wannan na lambun maƙwabciyarsu Mukyala Zaituni ne, na marigayi ɗan'uwanta ya fi shi laushi. Dattawa suka keɓe, ba su daɗe ba. Babbansu ya ce magaji mai riƙe na baya ne. Aka yafa wa Badru mayafin.

Washegari Kiggundu ya haɗa jakarsa. Zai fita ta bayan gida, sai ya ga mahaifiyarsa durƙushe a bakin wani rami da ya tona. Wani ɗan toho ya leƙo daga tsohuwar saiwa, bai kai tsawon yatsa ba.

"Yaushe zai yi nono, Mama?"

"Sai ka daina tambaya."

Sannan ya ajiye jakar, ya je shingen Gwaggo ya roƙi busassun ganye. Ta cika masa hannu, ta ce ya yi a hankali kada ya ƙona.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk abin da ka tarar an daɗe ana yi, ka zauna ka kalle shi kafin ka kai masa hannu. Abin da mai gaggawa yake kira datti, wani lokaci shi ne rigar ƙasa, ƙaramin da ya raina kuma shi ke riƙe da babba. Sauri ya haifi nawa. Abin da fartanya ta tone kafin azahar, sai an shekara ana jiransa.